Amyar Baba Nababa da Kalmar da Na Rubuta

Daga: Malam Kassimu Iliyasu,
Magatakardan Ƙungiyar Manoma,
Zangon Ɗorawa, ta hanyar Minjibir.

Litinin, 7 ga Satumba, 1987.

Zuwa ga: Mai girma Babban Jami'i,
Ofishin Shirin Yaƙi da Fara,
Shiyyar Arewacin Kano.

Ta hannun: Mai Unguwar Zangon Ɗorawa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FESHIN RANAR 18 GA AGUSTA, MUTUWAR ƘUDAN ZUMA A GARINMU, DA ROƘON A SAKE TSARIN FESHI NA BIYU NA RANAR 17 GA SATUMBA

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da matsayinka, tare da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman izinin gabatar da kukan mutanen Zangon Ɗorawa. Ni ne mai suna a sama, tsohon malamin yaƙi da jahilci. Na shekara goma sha bakwai ina koya wa manya baƙi da wasali a garuruwa daban-daban, kafin a sallame mu a shekarar da aka rage ma'aikata, na dawo gida na kama fartanya. Da yake ni ne mai alƙalami a gari, sai aka ɗora mini rubutun ƙungiya.

A taƙaice, ranka ya daɗe, saura kwana goma a dawo mana da feshi, kuma saura amya huɗu a garin nan. In aka yi na biyu yadda aka yi na farko, ba za a bar ko ɗaya ba, kuma kabewa da riɗin da muke sa rai da su a bana za su bi bayansu. Ga bayanin dalla-dalla.

1. A farkon watan Yuli na bana fara ɗango ta ƙyanƙyashe a saurukan da ke gabas da gari da kuma gefen burtali. Kafin mako uku ta shiga gero. Ranka ya daɗe ya san irin shekarun da muka fito daga cikinsu. Tun farin shekara uku da suka wuce rumbunan garin nan ba su ƙara cika ba. Akwai gidajen da suka ga damina biyu da tafasa da rama, akwai waɗanda suka rabu da shanun huɗa, takin zamani kuwa ya zama abin da muke jin labarinsa a rediyo. Don haka da muka ga fara, hankalin kowa ya tashi. Ranar Juma'a, 24 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci, magidanta suka zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa, aka yanke shawarar a nemi agajin ofishinka. Ni na rubuta takardar ranar Litinin, 27 ga Yuli, mutum arba'in da uku suka dangwala yatsa, na kai ta da ƙafata. Ba mu musun cewa mu muka kira. Ba mu kuma musun cewa fara ta ragu, an ceci wani abu daga cikin gero, muna kuma godiya. Akwai magana a kan lafazin wannan takarda, amma ina roƙon a yi mini uzuri in ajiye ta sai sakin layi na bakwai, domin hannuna bai kai gare ta ba tukuna.

2. Wajibi ne in gabatar da Baba Nababa, ƙanin mahaifina, domin ba don shi ba da ba a yi wannan ƙorafi ba. Dattijo ne da ya haura saba'in. Gonarsa ba ta kai a ambata ba. Abin da ya gada shi ne amya, gidan zuma da ake saƙawa da ciyawa. Shi yake saƙa ta da hannunsa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya ja ta da igiya ya ɗora a reshe. Kafin feshi yana da amya goma sha tara: goma sha biyar a tsamiyoyi da ɗorayin da ke cikin gari da gonakinmu, huɗu a wata kuka da ke ƙetaren rafi.

A al'adar garin nan, wanda aka rataya amya a bishiyarsa yana da ƙoƙon zuma ranar da aka sha amyar. Amma ba don ƙoƙon ba ne mata suke aika wa Baba goro tun bazara suna roƙon ya rataya kusa da su. Tun muna yara muke gani cewa gonar da ke ƙarƙashin amya kabewarta ta fi zuba, riɗinta ya fi cika kwanso. Gero da dawa iska ce ke kai musu bununi, wato garin fure, ba ruwansu da kowa. Amma kabewa da kankana da gurji, furensu namiji daban mace daban, kuma ba su da ƙafar zuwa wurin juna, sai an kai. Baba kan ce zuma dillaliya ce, gida-gida take shiga da kayan wani ta kai wa wani, ladanta kuwa ɗan ruwan da ta lasa. Yakan ce mutane sun riƙe mata ga zaƙi ga harbi, sun manta da aikin da ke tsakani.

Ban ce kowa ya yarda da wannan ba. Akwai Sabo mai riɗi, maƙwabcin gonata, wanda ya yi shekara da shekaru yana cewa zuma tsotse fure take yi ta bar shi fanko, har ya taɓa kai ƙarar amyar da ke tsamiyar iyakarsa gaban Mai Unguwa, aka sha dariya aka sallame shi. Ni kaina, da yake na ɗan zauna a aji, na ɗauki maganar Baba a matsayin zancen tsofaffi, mai daɗin ji amma ba mai shiga takarda ba.

3. Ranar Talata, 18 ga Agusta, mako biyu bayan Babbar Sallah, da misalin ƙarfe takwas na safe, mota a-kori-kura ta ofishinka ta iso da ma'aikata shida, kowanne da injin feshi goye a baya, ga kuma wani babba a bayan mota mai tura magani sama kamar hayaƙi. Ba a aiko mana da sanarwa ba, ko ta baka ko ta takarda. Da an ba mu ko yini guda ne, da Baba Nababa ya toshe bakin kowace amya ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu har maganin ya lafa. Kuma babu lokacin da ya fi wannan muni a cikin yini. Furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. Tsakanin ƙarfe takwas da goma duk zumar da ke da fiffike tana cikin fure. Mun nuna musu saura da bakin burtali, inda farar take. Suka ce umarnin da aka ba su gona-gona ne, bishiya-bishiya.

Da suka nufi babbar tsamiyar tsakiyar gari, mai amya biyar, Baba Nababa ya tsaya a gindinta ya riƙe sandarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya roƙe su, yana kiransu 'ya'yansa, da su bar itatuwa, ya ce fara ba ta kwana a kan tsamiya. Liman ya matso ya tunatar da su cewa zuma tana cikin halittun da aka hana mu kashewa. Shugaban ma'aikatan, wanda ban san sunansa ba kuma ba na neman a hukunta shi, don bai yi wa kowa rashin kunya ba, sai ya zaro takardarmu daga aljihu ya karanta a gaban jama'a. Ga abin da ya karanta, kuma na shaida haka yake a rubuce: "Muna roƙon a kawar mana da duk wani ƙwaro da ke gonakinmu da itatuwanmu, babba da ƙarami, ba tare da togiya ba." Ya tambaya ko akwai wanda zai ce zuma ba ƙwaro ba ce. Ba a samu ba. Ya tambayi sunan dattijon, ya bi layi da yatsa har ya same shi a lamba ta shida, ya miƙa masa takardar ya gani.

Ranka ya daɗe, Baba bai iya karatun boko ba, amma ya san yatsansa. Wuƙar yankan saƙa ta bar masa tsaga a babban yatsa tun yana saurayi, ga ta nan ta fito ɓaro-ɓaro a cikin tawada. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗago ya dube ni, ni kaɗai a cikin taron, ya janye daga gindin tsamiyar. Aka tayar da inji.

4. Da suka gama, wajen azahar, suka wanke injinansu a kududdufin yamma, inda awakinmu suke sha, inda kuma zuma take ɗibar ruwa. Kafin la'asar ƙarƙashin itatuwa ya yi baƙi. Na ga ƙudan zuma suna juyi a ƙasa, suna rawar jiki, waɗanda suka iya komawa gida suna faɗowa daga bakin amya. Kwana uku ana haka. Baba ya bi amya goma sha biyar ɗaya bayan ɗaya yana saukewa. Ya share matattun da tsintsiya, ya haƙa rami ya binne don kada kaji su ci, ya haɗa da zumar da ke ciki, ya ce ba za ta shiga bakin ɗan kowa ba. Na je in kama masa, ya ce in bari. Ba zuma kaɗai ba. Galla, 'yar ƙaramar zumar nan marar harbi da ke kogon itatuwa, ta tafi, malam-buɗe-littafi ya tafi. Wanda ya saba da gonar riɗi da hantsi ya san ƙugin da take yi, har sai mutum ya ɗaga murya in zai yi wa maƙwabci sannu. Yanzu in ka tsaya a ciki numfashinka kake ji. Amya huɗun da ke ƙetaren rafi sun tsira ne kawai don an yi ruwa a daren Litinin, mota ta kasa haurawa.

5. Abin da ya biyo baya a gonaki shi ne ainihin kukanmu, kuma zan kawo misali da yayata, Barira. Mijinta ya rasu a shekarar fari, ya bar ta da gida mai mutum bakwai. Geronta yana bakin saura, fara ta gama da shi tun kafin motarku ta zo. Abin da ya rage mata shi ne kabewa da gurjin da ta shuka a bayan gida da tsakanin kunyoyi. Na san a rahoton ofis waɗannan kayan miya ne, ba a lissafa su da amfanin gona. Amma a gidan Yaya Barira kabewa ita ce hatsi. Ita take kaiwa kasuwar Gezawa ta dawo da dawa, ita take yankawa ta shanya don rani, ita yara suke ci dafaffiya in tukunyar tuwo ba ta hau ba.

Bana kabewarta ta yi yaɗo mai kyau, ta yi fure kamar ba gobe. Amma tun bayan feshi, sai ɗan ƙullin da ke gindin furen mace ya kai kamar ƙwan zabo, ya yi ruwan ɗorawa, ya yanƙwane, ya faɗi. Yau goma, gobe ashirin. Da farko ta zaci sammu ne ko ciwon ƙasa. Ta tara su a zani ta kai wa Baba Nababa. Shi ya nuna mata dabara: ta tsinko furen namiji, ta yaye masa ganyen baki, ta shafa garinsa a cikin furen mace. Tun ranar Laraba, 26 ga Agusta, kullum da ta idar da sallar asuba tana duƙe a cikin yaɗo har hantsi ya yi zafi, fure bayan fure. Matan unguwa sun sa mata suna Barira mai ɗaurin aure, suna tambayarta nawa ne sadaki. Tana dariya tana ce musu ba a biki sai an haihu. Amma ni na ga yadda take dafa gwiwa kafin ta miƙe, na kuma ga ƙaiƙayin ganye ya kumbura mata hannu har gwiwar hannu. Shekarunta sittin da biyu.

Don kada ta maimaita, duk furen da ta shafa takan ɗaura masa ɗan tsumma. Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. A yau duk kabewar da ta tsaya a gonar tana da tsumma a wuya, waɗanda hannunta bai kai gare su ba duk sun zube. Mutane sun yi ta zuwa kallo. Sabo mai riɗi ma ya zo, ya tsuguna ya duba. Ashe shi ma yana da nasa. Gonar riɗi biyu gare shi, iri ɗaya, shukar rana ɗaya: ɗaya a tsakiyar gari, ɗaya a ƙetaren rafi kusa da kuka. Ta ƙetare kwansonta ya jeru tun daga ƙasa har sama. Ta cikin gari kwanso jefi-jefi, in ka fasa rabi fanko. Shi da kansa ya zo gidana ya ce in za a rubuta takarda a sa sunansa a farko, ya ce shekara ashirin yana zagin mai yi masa ƙwadago kyauta. Shi kuwa riɗi ba a yi masa ɗaurin aure da hannu, furensa ya fi ƙarfin ƙirga. Ko kabewar ma, mace ɗaya ba za ta yi aikin amya goma sha biyar ba, kuma ba kowace mace ce ke da ƙarfin bayan da za ta yi abin da Yaya Barira take yi ba.

6. Sau biyu na zo ofishinka da wannan magana. Ranar Alhamis, 20 ga Agusta, aka ce ranka ya daɗe ya fita rangadi, in dawo. Ranar Litinin, 31 ga Agusta, na dawo, na zauna a benci tun safe har aka kira azahar, sannan wani akawu ya tausaya mini ya ɗauko fom. Ya nuna mini gurbi biyu ne a ciki. Na farko, dabbobin da suka mutu ta dalilin feshi: shanu, tumaki, awaki, kaji. Na biyu, ƙwarin da aka hallaka. Ya tambaye ni ko zuma tana da kofato ko tana ƙwai a akurki. Na ce a'a. Ya ce to ba dabba ba ce, ba kuma kaza ba ce. Ina kallo ya rubuta amya goma sha biyar a gurbi na biyu, ya buga hatimi. Sai da na hau mota na fahimci abin da aka yi: asarar da na kawo ƙara a kanta ta shiga cikin nasarorin aiki. Ina jin a yanzu haka tana cikin rahoton da aka aika sama, ana yaba wa ma'aikata da ita. Ban ga laifin akawun ba, gurbin da aka ba shi ya cike. Ina roƙon a ciro fom ɗin a gyara, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

7. Ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na zo kan maganar da na ajiye.

A taron ranar 24 ga Yuli ba wanda ya ce ƙwaro. Fara aka ce. Baba Nababa ya miƙe musamman ya ce a ambaci farar da sunanta, a kuma rubuta cewa akwai amya a itatuwa, kada a taɓa su, a kuma ba shi sanarwa. Sau biyu ya maimaita, jama'a suka amince. Na ce na ji.

Da na zauna rubutu sai ilimina ya rinjaye ni. Na ce a raina, a shekarar yunwa wa zai karanta takardar da ke maganar ƙudan zuma? Na ce takarda mai sharuɗɗa ƙarƙashin fayil take kwana. Na ga kalmar fara ta yi ƙauyanci, ƙwaro ta fi faɗi, ta fi kama da maganar ofis. "Ba tare da togiya ba" kuwa a rediyo na tsince ta, na daɗe ina neman inda zan sa ta. Na rubuta, na karanta wa kaina, na ji daɗin yadda ta zauna. Da aka taru za a dangwala yatsa, aka ce in karanta a ji. Na san in Baba ya ji za a yi ta gardama har motar Kano ta wuce. Sai na riƙe takardar a gaban idona na karanta musu abin da suka faɗa, ba abin da na rubuta ba. Na karanta fara. Na karanta amya. Baba ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya miƙo yatsa, ni na kama shi na dangwala masa a tawada.

Ni da na shekara goma sha bakwai ina gaya wa manya su koyi karatu don kada a cuce su da takarda! An ce magana zarar bunu ce, to rubutacciya ta fi, don ita har hatimi ake buga mata. Tun ranar feshi Baba yana amsa gaisuwata, domin shi ba mai gaba ba ne, amma ya daina tambayata abin da rediyo ta ce, ya kuma daina zama a zaurena bayan la'asar. Ina jin kunya, ina jin ciwo, kuma ban san da wane ido zan dubi Yaya Barira ba in kabewar nan ta ƙare. Na faɗi wannan ne ba don in wanke ofishinka ba, domin takardata ba ta ce a zo ba sanarwa ba, ba ta ce a yi feshi a kan buɗaɗɗen fure ba, ba ta ce a wanke inji a kududdufi ba. Na faɗa ne don a sani cewa takardar 27 ga Yuli ba maganar mutanen Zangon Ɗorawa ba ce. Maganata ce ni kaɗai, yatsunsu kawai na ara. Saboda haka ba ta cancanci a sake zaro ta daga aljihu a nuna wa wani dattijo ba.

8. Ranar Alhamis, 3 ga Satumba, saƙo ya iso wa Mai Unguwa cewa za a dawo feshi na biyu ranar Alhamis, 17 ga Satumba, bisa takardarmu ta farko, kuma a wannan karo har da ƙetaren rafi, tunda an tsallake shi a baya. Rafin ya janye, mota za ta haura. Amya huɗun nan su ne irin da ya rage. Baba ya ce in sun kai kaka lafiya za su yi ƙaura su rabu, cikin shekara uku ko huɗu itatuwan gari su sake samun baƙi, in Allah ya kai rai. In sun mutu, bai san inda za a samo wasu ba, don garuruwan da ke kewaye da mu ma an yi musu feshi. Kabewa da riɗi kuma suna da sauran fure na kamar mako uku, kuma 'yan ƙudan da ke haurowa daga kuka su ne kaɗai ke taya Yaya Barira aiki. Saboda haka muna roƙo, cikin ladabi da ƙanƙan da kai:

Na ɗaya, a soke takardarmu ta 27 ga Yuli, a ɗauki wannan a madadinta. Abin da muke kuka da shi fara ce. Fara, da sunanta.

Na biyu, in feshi na biyu ya zama dole, a taƙaita shi a saura da bakin burtali inda take taruwa, mu za mu yi wa ma'aikata jagora. Kada a fesa wa bishiya, kada a fesa wa abin da ke fure, kada a kusanci kukar ƙetaren rafi.

Na uku, a yi shi da yamma liƙis, bayan fure ya rufe zuma ta koma gida, a kuma ba mu sanarwar kwana uku don a toshe amya.

Na huɗu, kada a sake wanke inji a kududdufi. Za mu haƙa musu rami nesa da ruwa, mu ɗebo musu ruwan da kanmu.

Na biyar, a ciro amya goma sha biyar daga gurbin ƙwarin da aka hallaka. In babu gurbin da ya dace da su, muna roƙon a ja layi a buɗe musu nasu, don garin da za a je gaba.

Ba mu nemi diyya ba. Mun tambayi Baba, ya ce ba a sayar da abin da ya rasa a kasuwa. In ranka ya daɗe yana shakkar maganarmu, muna roƙon ya turo wanda ya amince da shi, ya zo da sassafe kafin fure ya rufe, ya ga kabewa mai tsumma da marar tsumma, ya ga gonakin Sabo guda biyu. Tafiyar ba ta da nisa daga titi.

Don kada a maimaita abin da ya faru, jiya Lahadi, 6 ga Satumba, bayan sallar la'asar, na karanta wannan takarda a ƙofar masallaci daga farko har ƙarshe, har da sakin layi na bakwai. Na yi mata kwafi da ajami na ba Liman, yana bi da yatsa ina karantawa, don a tabbata bakina da alƙalamina sun zo ɗaya. Abin da aka faɗa mini bayan na gama na cancance shi, ba sai na sa a takardar hukuma ba. Na ce zan ajiye aikin magatakarda. Suka ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in kai wannan tukuna. Mutum arba'in da biyu suka dangwala yatsa, Sabo a farko. Yaya Barira ba ta cikin jerin magidanta, amma ta aiko da tata shaidar a ƙulle cikin tsumma.

Baba Nababa ya saurara har ƙarshe, ya tambayi Liman ko haka yake a rubuce, Liman ya ce haka yake. Na matsa da tawada. Ya ce maganar takarda gaskiya ce, amma yatsan nan ya riga ya yi kisa sau ɗaya, ba zai ƙara ba da shi aro ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro kwalin ashana ya ba Liman, bai ba ni ba. Ashe ranar da ya binne matattun ƙudan zuma ya ajiye kaɗan a ciki. Ya ce a kai wa manya su duba da idonsu, in wannan ne ya ci gero, shi ba shi da ƙorafi. Wannan sakin layi da wanda ya gabace shi ne kaɗai na ƙara bayan taro, su ma Liman ya gani ya amince.

Ina roƙon ranka ya daɗe ya dubi wannan kuka da idon rahama, ya ba da umarni kafin ranar 17 ga wata. Zan zo ofis ranar Alhamis, 10 ga Satumba, in zauna a benci har a ba ni amsa, ko da ta baka ce. In akwai kalmar da ta yi kaushi a cikin wannan takarda, a yafe mini, ba raini ba ne, damuwa ce. Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka, ya sa ka gama lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Ni ne naka mai biyayya,

Kassimu Iliyasu,
Magatakarda, Ƙungiyar Manoman Zangon Ɗorawa.

Abubuwan da aka haɗo da wannan takarda:

Ƙullin tsumma ɗaya, mai 'ya'yan kabewa tara da suka zube, daga gonar Barira Iliyasu.

Kwalin ashana ɗaya, a buɗe shi a hankali, sun bushe.

Takardar yatsu, mai lamba ɗaya zuwa arba'in da uku. Gurbin lamba ta shida da aka gani fari ba mantuwa ba ce. Na Baba Nababa ne, na bar masa shi a buɗe.